Maman Linda da Madubin Bakin Taga

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, masu kunu ba su gama zama a ƙofar asibiti ba, Maman Linda ta riga ta buɗe tagar ɗakinta. Taga ɗaya ce, tana kallon gabas, kuma duk aikin ɗakin a kanta ya rataya. Sai ta goge teburi, ta yaye tsohuwar atamfar da take lulluɓe madubinta da ita, ta yi ta juya ɗan gilashin da ke ƙasansa har ya kamo hasken rana. Madubi muke ce masa mu mutanen gari, wato na'urar nan da ake leƙa ƙwayoyin cuta da ita. Nata tsoho ne, ba ruwansa da wutar lantarki. In akwai rana akwai aiki, in hadari ya haɗo sai ta matsa da teburin har bakin ƙofa.

Daga nan sai ta jero 'yan robobi masu murfi da aka ajiye mata. Abin da ke cikinsu ba abin sha'awa ba ne, kakin masu tari ne. Takan ɗebo kaɗan da tsinke, ta shafa a kan gilashi, ta gifta shi ta kan wuta, ta zuba jan rini, ta ɗumama har ya yi tururi, ta wanke, ta bi da shuɗi. In ya bushe sai ta sunkuya. Haka na san ta, a sunkuye, ido ɗaya a madubi, hannu ɗaya yana murza ɗan ƙarfen gefe a hankali, bakinta yana motsi tana ƙirga. Shekara talatin da biyar tana wannan sunkuyo a ƙaramin asibitin nan da ke ɓangarenmu na Makarfi. A ƙarshen watan jiya ta yi ritaya.

Sunanta na yanka Philomena, amma ban san wanda ke kiranta da shi ba in ban da takardun ofis. Daga kudancin Kaduna aka turo ta tana budurwa, da akwatin ƙarfe ɗaya da niyyar yin shekara biyu ta koma. A nan ta yi aure, a nan ta haifi Linda, a nan ta binne mijinta. Tsofaffinmu suna ba da labari cewa farkon zuwanta mata ba sa karɓar abinci daga hannunta, wai hannun da ke taɓa kaki ne. Ba ta yi fushi ba. Ta dai riƙa wanke hannu a bainar jama'a, da sabulu, har gwiwar hannu, kullum, har ido ya saba. Yau duk sunan da aka yi a unguwar, kwanonta ne ake fara cikawa.

Ba ni kaɗai nake da shaida a kanta ba. Wata dattijuwar Bafulatana daga wajen Janfalan, Ummukulthum, ta taɓa faɗa mini yadda ta zo da tari ta ƙi tofa kaki saboda maza na zaune a baranda. Maman Linda ta ja ta bayan bishiyar mangwaro, ta kwance mayafinta ta yi mata labule da shi, ta tsaya tana yi mata hira har kunyar ta sake ta. Direbobin hanyar Zariya kuma sun san ta da kwalabe a cinya, domin duk lokacin da rini ya ƙare ba ta jiran a aiko, da kanta take zuwa. Ni kuwa abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Mahaifina ne, da wani kuskure da ni na jawo.

Shekara goma sha biyu ke nan. Baba, Malam Ahmadu na Nasarawan Doya, manomin rake ne tun tasowarsa, kuma duk yankin an san mazarƙwailarsa. Tari ya kama shi tun damina, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, zufa tana jiƙa masa shimfiɗa. Da ƙyar innarmu, Inna Mairo, ta shawo kansa muka kai shi. Maman Linda ta duba ta ce tarin fuka ne, magani wata shida, ba fashi ko na kwana ɗaya. Ta faɗa, ta maimaita, ta sa shi ya maimaita.

Wata biyu ya yi yana sha, sai ga Baba ya dawo mutum. Tari ya tsaya, ya koma cinye tuwo malmala biyu yana neman ƙari. Aka sake gwada kakinsa, aka ba shi takarda da maganin wata guda na gaba. Da ya iso gida sai ya miƙo mini takardar ya ce, "Sa'idu, kai ne ɗan boko, me suka rubuta?"

Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a firamare, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro karatu. Na gyara tabarau, na karanta, na ga an rubuta da Turanci cewa ba a ga ƙwaya ba. Na ce, "Baba, ai ka warke. Babu komai a jikinka." Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan da gadara sai kunya ta rufe ni.

Abin ya zo daidai da lokacin matsar rake. Wanda bai san tsarin ba, injin matsa ɗaya ne tsakanin manoma bakwai, doki ke juya shi, kowa da makonsa. In makonka ya zo ba ka shirya ba, sai ka koma ƙarshen layi, rakenka ya bushe a tsaye. Baba ya tattara ya tare a fagen matsa, yana saran rakensa tun kafin makonsa ya zo. Sauran maganin fa? To, ku san halin mutanenmu. Manomin rake ba ya ganin baƙo ya wuce bai karya masa sanda ɗaya ba, kuma haka Baba ya ɗauki magani. A fagen akwai mutum biyu masu tari: Julius mai dafa ruwan rake, da Zulkifilu mai kora doki. Baba ya raba musu ƙwayoyin biyu, ya ce su sha, shi Allah ya ba shi lafiya, bai kamata alheri ya lalace a aljihu ba. Ya yi hakan da zuciya ɗaya, yana neman lada.

Mako uku aka yi a haka. Tarin ya fara leƙowa, muka ce hayaƙin murhu ne. Inna ta ga ɗigon jini a hankicinsa, ta nuna mini, na ce mata kada ta tayar da hankali, takarda ba ta ƙarya. Allah da ikonsa, Julius coci ɗaya suke zuwa da Maman Linda. Ranar Lahadi bayan an tashi ya ja ta gefe, ya ce, "Mama, na shiga uku. Fitsarina ya koma ja kamar zoɓo." Ta kalle shi ta ce, "Julius, maganin wa ka sha?" Domin a cikin maganin tarin fuka akwai wanda ke rina fitsari, kuma ta san Julius ba ya cikin masu karɓa a hannunta.

Ina fagen ranar, wajen azahar, na kai wa Baba abinci. Sai ga ɗan acaɓa ya tsaya, mace ta sauko da anko ɗin zumuntar mata a jikinta, rungume da akwatin katako. Ko gida ba ta biya ba, asibiti ta wuce ta ɗauko madubin. Na zaci za ta balbale shi da faɗa a gaban ma'aikatansa, kuma na san Baba, in aka yi masa haka ko mutuwa zai yi ba zai ƙara haɗiyar ƙwaya ɗaya ba.

Sai ta ajiye akwatin a inuwa, ta rusuna.

"Baba, barka da aiki. Ina wuni? Ina gajiya? Ya Inna, ya yara? Ya muka ji da matsa?"

"Lafiya lau, Maman Linda. Yau ke ce a gonarmu? Sa'idu, kawo mata tabarma."

Aka gaisa, aka sake gaisawa, ta sha ruwan rake, ta yaba dokin. Sannan ta ce, "Baba, roƙo na zo yi. Linda ce ta dame ni da rake. Ni kuwa ban iya zaɓe ba, kullum sai a cuce ni a kasuwa. Ka koya mini."

Ai kuwa ta taɓo inda yake so. Ya miƙe ya nufi tarin rake, yana ɗagawa yana ajiyewa. Ita ma ta zaro wani kakkaura, kore shar, mai sheƙi, ta ce, "Ga wannan, ai ya fi duka."

Baba ya karɓa, ya bi shi da babban yatsa gaɓa gaɓa, ya yi dariya ya jefar. "Wannan ai gawa ce."

"Haba Baba, dubi kyansa fa."

"Kyan banza. Zo ki gani." Ya nuna mata wata 'yar huda kusa da gaɓa, ba ta fi bakin allura ba. Ya sa adda ya tsaga. Cikin ya yi ja, ya ruɓe, ga tsutsa fara tana motsi a tsakiya. "Tun yana ƙarami ta shiga. Tana ciki tana ci, shi kuwa yana ta girma kamar lafiyayye."

"To in an yi feshi ba ta mutuwa?"

"Feshi na waje yake kashewa. Wadda ta riga ta shige, ina zai same ta?"

Sai ta ce a hankali, yadda ma'aikata ba za su ji ba, "Baba, don Allah zo ka ga tawa gonar."

Ta buɗe akwatin a kan wani kututture, ta kamo rana da ɗan gilashin, ta fito da gilasai biyu da ta naɗe a takarda. Na farko kakinsa ne na ranar da muka fara kai shi, ashe ta adana. Baba ya sunkuya, ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, ya ce duhu kawai yake gani. Ta gyara masa kai da hannunta. Can sai muka ji ya ce, "La ilaha illallahu. Kamar an yayyanka jan zare an watsa a ruwan shuni."

"Jajayen nan su ne cutar," in ji ta. "To dubi shuɗin nan mai faɗi a tsakiya. Me ka gani a cikinsa?"

"Jajaye ne a ciki, sun kai biyar."

"Wannan shuɗin naka ne, Baba, ba na cuta ba. Ka san 'yan sintirin garinku? Jiki ma yana da nasa. Suna yawo a cikin huhu, duk baƙon da suka gani sai su haɗiye shi, su kulle shi a wani ɗan ɗaki a cikinsu, su kwararo masa ruwa mai ƙuna ya narke. Kullum suna yi maka wannan aikin, ba ka ma sani ba. Amma ta tarin fuka ja'ira ce, ba ta gudu, so take a kama ta. Da an kulle ta sai ta danna sakata ta ciki, ta hana ruwan nan shigowa. Ga ta da riga mai maiƙo, ba abin da ke ratsa ta da sauƙi. Sai ta miƙe ƙafa, tana cin abincin ɗan sintirin, tana hayayyafa a cikinsa har ya fashe. 'Ya'yan su fito, wasu 'yan sintirin su rugo su haɗiye su, a koma gidan jiya. In jiki ya gaji sai ya zagaye wurin da katanga. Ita kuma ta kwanta a ciki ta yi lamo, tana jiran ranar da za ka yi rauni."

Ta cire gilashin ta sa na biyu, na bayan wata biyu. Ya leƙa ya ce shuɗi ne kawai, babu ja ko ɗaya.

"Shi ne abin da aka rubuta a takarda. Ban ga ƙwaya ba, gaskiya ne. Amma ni abin da ya fito cikin kaki kaɗai nake gani. Maganin wata biyu masu yawo a fili ya kashe. Na cikin ɗaki, masu barci, su ne ake bi wata huɗu ana tsinta ɗaya ɗaya. In aka bari, waɗanda suka tsira sukan dawo da taurin kai, har maganin ya daina jin su. Na ga irin haka, Baba. Ba na so in gani a kanka."

Baba ya ɗago kai daga madubin. Ya ɗauki tsagin raken nan da ya jefar, ya daɗe yana kallon tsutsar. Sannan ya juyo gare ni. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Malam Sa'idu, ashe takardar taka bayan rake kawai ta karanta." Tun daga ranar, in yana so ya tsokane ni, Malam yake ce mini.

Washegari da safe mu huɗu muka je bakin tagar nan. Julius hayaƙi ne kawai ya dame shi, aka ce ya daina shan abin da ba nasa ba, fitsarinsa ya koma daidai. Zulkifilu kuwa ashe da gaske yana ɗauke da cutar, aka buɗe masa nasa katin. Baba aka sake gwada shi, aka mayar da shi kan magani, aka ƙara masa kwanakin da ya tsallake. Maman Linda ba ni ta damƙa wa amanar ba, kuma ta yi daidai. Inna ta ba. Kowace safiya Inna za ta tsaya a kansa sai ya haɗiye, sannan ta ja layi ɗaya da gawayi a bangon ɗaki. Makonsa na matsa kuwa, sauran manoma shida suka haɗu suka ƙarasa masa. Layukan gawayin suna nan har yanzu, Inna ta hana a yi wa bangon yaɓe.

Maman Linda, ke ce mai ganin ɓarawon da ya ɓuya a ɗakin mai gadi. Ke ce kika san cewa dattijo ba a koya masa da tsawa, sai a bi ta gonarsa. Abin da ke cikin manyan littattafai, wanda ni mai tabarau ban sani ba, kin ɗora shi a kan kututture kin bar manomi ya gani da idonsa. Ba Baba kaɗai ba. Na ƙirga a unguwarmu da ƙauyen Taba da sauran ƙauyukan kewaye, mutum goma sha ɗaya na sani da suka ce mini sun taɓa leƙa madubinki. Kowannensu yana ba da labarin 'yan sintiri da sakata kamar shi ya ƙago shi, kuma kowannensu ya gama maganinsa.

Yanzu zamani ya canja. An kawo na'ura mai aiki da hasken rana, a zuba kaki a ɗan akwati, bayan awa biyu ta faɗi sakamako, har ta gane cutar mai taurin kai. Mukarrama, wadda ta gaje ki, ta iya ta sosai, kuma na san an samu ci gaba, ba na musu. Amma ina kewar tagar nan. Ina kewar warin rini da ƙarar murfin robobi, da layin mutane a kan benci kowa yana jiran a ce masa zo ka gani. Na'urar ba ta da wurin da manomi zai sa ido. Kwanaki na wuce na ga tagar a rufe da safe, sai da na tsaya na daɗe a kan mashin.

Sunkuyon shekara talatin da biyar bai bar ki haka ba. Wuyanki ya ƙage, idon dama ya yi hazo, har ba kya iya zura zare a allura sai jikarki ta taimaka. Babu wanda ya ba ki lambar yabo. A bikin sallamar da aka yi miki, manyan da aka gayyato daga ofis sun aiko da uzuri, kujerunsu na gaba suka zauna babu kowa. Amma bayan rumfar ya cika har kan hanya, da mutanen da ba a aika wa katin gayyata ba.

Ana cikin jawabai sai na ga Baba ya miƙe. Shekararsa saba'in da biyu yanzu, kuma bana ma shi ya tsaya a kan matsarsa. Ya ratsa mutane riƙe da sandar rake guda, ya tsaya a gabanta, ya ce, "Maman Linda, kin ce in koya miki zaɓe. Yau zan ga ko kin iya."

Ta karɓa tana dariya. Ba ta ko kai shi kusa da ido ba, don ta san idon ba zai taimaka ba. Ta bi shi da babban yatsa, gaɓa gaɓa, tun daga gindi har sama, yadda ya nuna mata a fagen matsa. Ta ce, "Baba, ban ji huda ba."

Ya ce, "Kada ki yarda da baya. Tsaga."

Aka miƙo wuƙa, Julius ya riƙe mata ɗaya gefen, ta tsaga. Fari tas daga sama har ƙasa, ruwa na ɗiga. Baba ya dube ta. Sai ya dafa ƙirjinsa da tafin hannu, ya ja numfashi mai tsawo a gabanta, ya sauke, ba tari. Ita ta fara share ido, sannan Inna, sannan ni.

Mun gode, Maman Linda. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa Linda da 'ya'yanta su yi miki abin da kika yi wa iyayen wasu. Ku kuma masu karatu, wanda aka ɗora wa magani ya shanye shi har ƙwayar ƙarshe, kada ya yi kyauta da shi komai kyan zuciyarsa. Wanda Allah ya ba wani sani, a asibiti yake ko a aji ko a ofis, ya yi koyi da matar nan, ya matsa gefe kaɗan ya bar mai abin ya leƙa da idonsa. Ni dai na yi nawa karatun a gindin kututture, kuma albarkacinsa har yau in na je Nasarawan Doya akwai wanda ke ce mini, "Malam Sa'idu, ka iso?"